Amanar Wakilci da Gabar Jam'iyyu a Ƙasar Kazaure da Babura

Wakilci a siyasa shi ne mutum ɗaya ya yi magana, ya kaɗa ƙuri'a, ya yanke shawara da sunan jama'a masu yawa waɗanda ba za su iya haɗuwa a zaure ɗaya ba. A Najeriya, kundin tsarin mulki na 1999 ya danƙa wannan aiki ga Majalisar Dattawa mai kujeru 109, da Majalisar Wakilai mai kujeru 360, da majalisun dokokin jihohi. Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, tana da sanatoci uku, da 'yan Majalisar Wakilai goma sha ɗaya, da 'yan majalisar jiha talatin. Ƙananan hukumomin Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi, waɗanda su ne masarautar Kazaure, suna da wakili ɗaya a Abuja. Babura kuwa, da ke ƙarƙashin masarautar Ringim, an haɗa ta da Garki. Dukkansu suna cikin mazaɓar sanata ta Jigawa ta Arewa maso Yamma, mai ƙananan hukumomi goma sha biyu.

Wannan tsari a rubuce yake, babu jayayya a kansa. Abin da ake jayayya a kai tambayoyi biyu ne masu tushe ɗaya. Ta farko: idan son jama'a, da umarnin jam'iyya, da abin da ɗan majalisa ya gani daidai suka saɓa, wanne zai bi? Ta biyu: me ke sa hamayyar jam'iyyu ta rikiɗe ta zama gaba?

Ra'ayoyi uku game da aikin wakili

Ra'ayi na farko ya ɗauki ɗan majalisa a matsayin ɗan aike. Jama'a sun tura shi da saƙo, ba shi da ikon ƙari ko ragi. Ƙarfin wannan ra'ayi shi ne ya bar iko a hannun masu shi. Rauninsa shi ne jama'ar mazaɓa ba baki ɗaya suke magana ba. Manomin gero a Gwiwa yana son hatsi ya yi daraja, ma'aikacin da ke karɓar albashi a Kazaure yana son ya yi araha, kuma ƙuri'a ɗaya wakilinsu yake da ita. Ban da haka, yawancin abubuwan da ake kawowa majalisa, kamar dokar haraji ko amincewa da cin bashi, ba a taɓa tambayar masu zaɓe ra'ayinsu a kai ba lokacin yaƙin neman zaɓe.

Ra'ayi na biyu ya ɗauke shi a matsayin amintacce da aka zaɓa domin hankalinsa. Wanda ya fi shahara da shi shi ne Edmund Burke, ɗan majalisar Birtaniya, a jawabinsa ga masu zaɓen garin Bristol a 1774. A ganinsa, majalisa ba taron jakadun garuruwa masu gaba da juna ba ce, zauren ƙasa ɗaya ce, kuma wakilin da ya jingine hankalinsa don ya faranta wa masu zaɓe ya ci amanarsu. Wannan ra'ayi yana da hatsarin da talakan ƙasar Hausa ya sani sarai: duk wanda ya yi watsi da jama'a zai iya cewa ya fi su sanin abin da ya dace da su. Shi kansa Burke bai wuce shekara shida a kujerar Bristol ba.

Ra'ayi na uku ya ce ɗan majalisa wakilin jam'iyya ne. Jama'a alamar jam'iyya suka dangwala wa, saboda haka manufarta ce alkawarin da zai cika. Dokar Najeriya ta karkata nan sosai. Sashe na 65 na kundin tsarin mulki ya shardanta cewa ɗan takarar majalisar tarayya sai jam'iyya ta tsayar da shi. Babu ɗan takara mai zaman kansa. Takardar ƙuri'a ma sunan jam'iyya da tambarinta take ɗauke da su, ba sunan mutum ba.

Hanna Pitkin, a littafinta kan ma'anar wakilci na 1967, ta nuna cewa ba a warware saɓanin ta hanyar zaɓar ɓangare ɗaya. Wakilin da ba ya da ra'ayi sai abin da aka faɗa masa ba wakili ba ne, mai isar da saƙo ne kawai. Wanda kuma kullum yake saɓa wa jama'arsa ba tare da bayani ba, kansa yake wakilta. Wakilci na gaskiya aiki ne domin maslahar jama'a, tare da sauraronsu da ba su hujja duk lokacin da aka saɓa musu.

Mahangar fiƙihu

Musulmin wannan yanki ba baƙi ba ne ga batun. Babin wakilci sananne ne a littattafan Malikiyya da ake karantawa a zauruka. Malamai sun raba shi gida biyu: wanda aka keɓance wa aiki ɗaya, da wanda aka sakar wa ragama. A duka biyun wakili amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Ba a yarda ya sayar wa kansa abin da aka ba shi ya sayar ba, kuma wanda ya wakilta shi yana da ikon sauke shi. Sharuɗɗa uku ke nan da suka shafi ɗan majalisa kai tsaye: kada ya yi sakaci, kada ya mai da kujera hanyar cinikin kansa, kuma ya san ana iya karɓe ta.

Tarihin farkon Musulunci ma yana da misalai. A mubaya'ar Aƙaba ta biyu, mutanen Madina sun fitar da shugabanni goma sha biyu, tara daga Khazraj, uku daga Aus, kowane yana tsaya wa mutanensa. Bayan yaƙin Hunainu, da aka nemi amincewar runduna kan mayar wa Hawazin fursunoninsu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai wadatu da amsar taro ba. Ya umarci mutane su koma, shugabannin rukunoninsu su ji ta bakinsu su kawo. Darasin shi ne hayaniyar taro ba ta isa shaidar yarda ba, kuma aikin wakili ya haɗa da komawa ya tambaya.

Sai dai ɗan majalisa ya zarce wakilin ciniki. Yana wakiltar wanda ya zaɓe shi da wanda ya ƙi shi, da yaron da bai kai shekara goma sha takwas ba, da wanda ba a haifa ba amma zai biya bashin da aka ci yau. Saboda haka matsayinsa ya fi kusa da na mai riƙe da al'amarin jama'a, wanda ƙa'idar fiƙihu ta ɗaure duk abin da zai yi da maslaharsu. Kan wannan ne malaman jihadi suka yi rubutu mai yawa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa shawara da adalci cikin ginshiƙan mulki, Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya rubuta Liya'ul Hukkam a Kano don shiryar da masu mulki, ya ja kunne kan mai da shugabanci sarautar son rai. A wannan mahanga, kujera amana ce da za a yi tambaya a kanta gobe kiyama, ko masu zaɓe sun tambaya ko ba su tambaya ba.

Abin da jama'a ke nema, da wanda ke riƙe da wuyan wakili

A rubuce, aikin ɗan majalisa uku ne: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da bin diddigin yadda ɓangaren zartarwa ke kashe dukiyar jama'a, kamar yadda sashe na 88 ya ba da dama. A aikace, ma'aunin da ake auna shi a Roni ko Babura daban ne. Ana tambayar rijiya nawa ya haƙa, matasa nawa ya samar wa aiki, ko ya raba taki da damina, ko ya zo ta'aziyya, ko ana samun sa a waya. Wannan ba jahilci ba ne. Inda ƙaramar hukuma ba ta iya gyara famfo, dole mutane su nufi duk wanda suke gani da alamar gwamnati. Tsarin ayyukan mazaɓu, da aka fara zamanin Obasanjo, ya mayar da wannan fata hukuma. Tun 2019 hukumar ICPC take bin sawun waɗannan ayyuka, tana kuma ba da rahoton wasu da aka yi watsi da su ko aka karkatar.

Wannan tsari yana da farashi. Ɗan majalisar da rabonsa na ayyuka ke hannun ma'aikatun gwamnati ba zai so ya tsananta musu bincike ba. Wanda ya kamata ya sa ido ya koma mai neman alfarma.

A nan ake gane cewa wakili yana sauraron wanda zai iya raba shi da kujerarsa ne. Bisa doka, jama'a na da wannan iko ta hanyar kiranye. Sashe na 69 ya ce sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu, hukumar INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana casa'in. Sharaɗi ne mai wuyar cikawa, tunda sau da yawa waɗanda ke fitowa zaɓen kansa ba su kai rabi ba. Yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye a Kogi ya rushe a matakin tantancewa a 2018. Ikon da ke aiki da gaske yana wurin zaɓen fidda gwani. Dokar zaɓe ta 2022 ta ba jam'iyyu zaɓi uku: 'yar tinƙe, ko daliget, ko maslaha. Inda 'yan daliget kaɗan ne ke yanke hukunci, ko aka ce an yi maslaha, bakin gwamna da na manyan jam'iyya ya fi na dubban masu ƙuri'a nauyi.

Tarihin kujerun yankin ya nuna yadda suke juyawa. Kujerar sanata ta Arewa maso Yamma ta tashi daga Ibrahim Saminu Turaki na Kazaure a 2007 zuwa Danladi Sankara a 2011, zuwa Abdullahi Abubakar Gumel a 2015, ta koma wa Sankara a 2019, sannan Babangida Hussaini a 2023. Muhammad Gudaji Kazaure, wanda ya yi suna a ƙasa baki ɗaya saboda yadda yake magana a zauren majalisa, ya riƙe kujerar Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi daga 2015 zuwa 2023, kuma tun a zaɓen fidda gwani na APC ya rasa tikitin komawa. Akwai kuma batun karɓa-karɓa: mazaɓar da ta haɗa ƙananan hukumomi huɗu ko masarautu uku ba ta rabuwa da ƙorafin cewa wani gari ya daɗe yana ci. Karɓa-karɓa tana kwantar da rikici, amma tana iya cire wakili nagari don kawai lokacin garinsa ya ƙare.

Daga gabar aƙida zuwa gabar gidaje

Tsananin hamayya ba sabon abu ba ne a tsohon lardin Kano, wanda Kazaure da Babura ke ciki. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, NPC kuma ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. Saɓaninsu na tushe ne. NEPU ta Malam Aminu Kano ta ɗauki rikicin Arewa a matsayin na talakawa da masu sarauta, ta nemi a rage ikon hukumar En'e, a gyara kotunan alƙalai, a duba haraji da aikin tilas. NPC ta Sardauna Ahmadu Bello ta tsaya kan haɗin kan Arewa da gyara a hankali ƙarƙashin sarakuna. A zaɓen 1951, da aka yi hawa-hawa, NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma ba ta kai ko mutum ɗaya majalisar Kaduna ba. Gabar ta kai ga ɗauri da bulala da ƙungiyoyin 'yan banga, kowane ɓangare kuma yana da malamansa da hujjojinsa na addini.

A Jamhuriya ta Biyu an gaji wannan layi. PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979. A Kaduna, majalisar da NPN ke da rinjaye ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa, daga bisani ta tsige shi a watan Yuni na 1981. Ita kanta PRP ta dare biyu, Santsi da Taɓo, tsakanin ɓangaren gwamnoni irin su Abubakar Rimi da ɓangaren Malam Aminu. Daga nan aka fara ganin gaba mai zafi tsakanin mutanen da aƙidarsu kusan ɗaya ce.

Tun 1999 wannan nau'i na biyu ne ya mamaye. Saminu Turaki ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007 a APP da ta koma ANPP, ya sauya sheƙa zuwa PDP kafin ya sauka. Sule Lamido ya yi mulki a PDP daga 2007 zuwa 2015. Muhammad Badaru Abubakar na Babura ya karɓa a APC har 2023, Umar Namadi ya gaje shi. Jihar ta wuce ta hannun jam'iyyu uku, kuma da yawa daga cikin 'yan siyasarta sun zauna a fiye da ɗaya. Sashe na 68 ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa sai in ta rabu ko ta haɗe da wata, Kotun Ƙoli kuma ta yanke a 2015 cewa rabuwar sai ta shafi uwar jam'iyya ta ƙasa. Duk da haka sauya sheƙa bai tsaya ba.

Wannan ya bambanta da abin da ake gani a Amurka. A can, tun bayan dokar 'yancin baƙar fata ta 1964, masu ra'ayin riƙau suka riƙa taruwa a jam'iyyar Republican, masu sassauci a Democrat, har ya zama sanin jam'iyyar ɗan majalisa ya isa a san yadda zai kaɗa ƙuri'a kan haraji ko bindiga. A Najeriya, manyan tsage-tsagen majalisa sun fi bin yanki. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin Nijar, Majalisar Dattawa mai rinjayen APC ba ta goyi bayan ɗaukar matakin soja ba, ta shawarci Shugaba Tinubu ya bi hanyar sulhu, sanatocin Arewa na jam'iyyu daban-daban kuma suna sahun gaba. Ga mutumin Babura, wanda dangi da kasuwa suka haɗa shi da ƙetaren iyaka, wannan batun rayuwa ne, kamar yadda rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya kasance. Haka aka sake gani kan ƙudirorin haraji na 2024. Gabar jam'iyyu a nan tana da zafi a ƙasa, amma ba ta da zurfi a sama.

Dalilan tsanantar gaba

Dalili na farko tsarin zaɓe ne. Kujera ɗaya ce a mazaɓa, wanda ya fi ƙuri'a ko da ɗaya ya ɗauke ta duka. Masanin Faransa Maurice Duverger ya nuna cewa irin wannan tsari yana tattara mutane cikin sansani biyu. Wanda ya sami kashi arba'in da tara cikin ɗari ya tashi a tutar babu.

Na biyu girman abin da ake rasawa. A jihar da gwamnati ce babbar mai ɗaukar ma'aikata da ba da kwangila, faɗuwa zaɓe na nufin shekara huɗu a rana. In dai rabon taki da gurbin aiki suna bin layin jam'iyya, to mai goyon baya ba ra'ayi yake karewa ba, abincinsa yake karewa.

Na uku zaɓen fidda gwani. Anthony Downs ya yi hasashe a 1957 cewa jam'iyyu biyu masu neman rinjaye za su matso tsakiya, inda yawancin masu zaɓe suke. Amma ɗan takara sai ya fara tsallake 'yan jam'iyyarsa, su kuwa biyayya suke saka wa, ba sassauci ba. Wanda aka gani yana gaisawa da ɗan adawa ana iya yi masa lakabin ɗan zagon ƙasa.

Na huɗu ƙabilancin ƙungiya, abin da Ibn Khaldun ya tattauna a Muƙaddima tun ƙarni na 14. Mutum yana jin daɗin kasancewa cikin rukuni, kuma rukuni yana ƙara haɗuwa idan yana da abokin gaba. Guguwar "sak" ta 2015, inda APC ta kwashe gwamna da sanatoci uku na Jigawa, ta nuna ƙarfin wannan. Wanda guguwa ta kawo ya san ba ƙoƙarinsa kaɗai ya kawo shi ba, don haka ya fi jin tsoron jam'iyya a kan mazaɓa.

Na biyar kafofin magana. Shirye-shiryen siyasa na rediyo da ake biya, da sojojin baka, da Facebook da TikTok, duk sun fi saka wa mai zafin harshe. Bayani kan kasafin kuɗi ba ya yawo kamar habaici.

Iyakar saɓani

Saɓani kansa ba cuta ba ne. Majalisar da babu adawa a cikinta ba ta iya bin diddigin kowa, kuma gwagwarmayar NEPU ta taimaka wajen gyare-gyaren da suka rage ikon En'e a kan talaka. Malamai sun bambance saɓanin fahimta, wanda sahabbai da limaman mazhabobi suka yi ba tare da yanke zumunci ba, da rarrabuwar son zuciya da Alƙur'ani ya yi hani da ita. Ana gane na biyun da alamomi: a goyi bayan namu ko ya yi zalunci, a ƙi gaskiya don daga bakin wancan ta fito, a halatta mutuncin abokin hamayya.

Tambayoyin biyu a nan suka haɗu. Idan tikiti a hannun mutum ɗaya yake, wakili zai yi masa biyayya, magoya baya su yi faɗa a kan mutane maimakon manufa. Gyaran da ake tattaunawa duk suna nufin mayar da wakili ga masu shi: zaɓen fidda gwani na gaskiya, aiwatar da hukuncin sauya sheƙa, bayyana yadda kowane ɗan majalisa ya kaɗa ƙuri'a, da ƙarfafa ƙananan hukumomi, wanda hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗaɗensu ya nufa, domin rijiya da famfo su koma hannun masu aikinsu. Sauran nauyin yana kan mai zaɓe. Muddin ana sayar da ƙuri'a ranar zaɓe, wakili zai ɗauka ya biya, babu sauran bashi a kansa. Inda kuwa ake tambayarsa abin da ya yi da ƙuri'arsa a majalisa, dole ya riƙa dawowa da amsa, ko daga wace jam'iyya ya fito.